Waɗanne Sa'o'i Ne Waya Ke Cinye Mana a Damagaram?

Duk wanda zai yi wa mutanen Damagaram maganar rage kallon waya, ya kamata ya fara da yarda cewa wayar nan ita ke ciyar da gidaje da yawa. Ɗan kabu-kabu da ita fasinjansa ke nemansa. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin gida, hotunan da take ɗorawa a WhatsApp su ne rumfarta. Ɗan kasuwar da ke Kasuwar Dole yana jin farashin kaya a Kano ko Maraɗi kafin ya sa suna a nasa. Uwar da ɗanta ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya, ko wurin haƙar zinariya a Jado, ta wayar take jin muryarsa, ta nan kuma take samun labarin kuɗin da ya turo ta Nita ko Amana. Ɗaliban Jami'ar André Salifou kuwa, darasi da sanarwar jarabawa duk ta zauren ajinsu na WhatsApp suke zuwa. Saboda haka in ka ce da irin waɗannan mutane su ajiye waya su huta, za su saurare ka don ladabi, amma ba wanda zai yi aiki da maganarka.

Duk da haka koken na gaskiya ne, kuma ya yawaita. Saurayi zai ce maka ya kwana bai yi barcin kirki ba, ya tashi kansa na sara. Matar aure za ta ce tun da ta ga wani bidiyo gabanta ke faɗuwa. Malamin makaranta yana kukan yara ba sa iya zama su karanta shafi guda ba tare da hankalinsu ya tafi wani wuri ba. Magidanci ya shigo gida, an gaisa sama-sama, kowa ya koma kan allonsa. Abin da na fahimta, bayan na duba abin da masu bincike suka gano na kuma auna shi da yadda muke rayuwa a garin nan, shi ne yawan sa'o'in da mutum ke yi da waya bai kai muhimmancin waɗanne sa'o'i ne take ci ba. Awa uku da rana ana ciniki da ita daban, awa uku bayan sha biyun dare daban. A wurinmu lokuta biyu ne suka fi shan wahala: dare, da zaman da ake yi tare da mutane. In an ƙwato waɗannan biyu, an yi mafi yawan aikin.

Yana da kyau a san inda ilimi ya tsaya, domin ana yawan zuzuta maganar. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford a Ingila, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun bi diddigin bayanan matasa fiye da 350,000, suka ga alaƙar da ke tsakanin amfani da na'urori da jin daɗin rai ƙarama ce ƙwarai: ba ta bayyana abin da ya wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Samun isasshen barci da karin kumallo sun fi ta nauyi a lissafinsu. A ɗaya ɓangaren, babban jami'in lafiya na Amurka a lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a 2023 inda ya kawo binciken da ya nuna matasan da ke wuce awa 3 kullum a shafukan zumunta haɗarin shigarsu damuwa da fargaba ya ninka. Waɗannan maganganu biyu ba su ci karo kamar yadda ake zato ba. Idan aka tara kowa da kowa aka raba, illar ƙarama ce. Idan aka ware waɗanda abin ya yi wa yawa, sai ta fito fili. Akwai kuma tambayar da irin wannan lissafi ba ya iya amsawa: wayar ce ta jawo ƙuncin, ko kuwa mai ƙuncin ne ya fake da waya?

Don haka gwajin da aka yi a kan mutane kai tsaye ya fi gamsar da ni. A Jami'ar Pennsylvania, a 2018, an ɗauki ɗalibai 143, aka sa wani rukuni daga cikinsu ya taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana, har mako uku. Kaɗaici da ƙuncin rai sun ragu a cikinsu, musamman ga waɗanda dama suka shigo da damuwa. A shekarar kuma wasu masana tattalin arziki a Amurka suka biya mutane don su rufe Facebook ɗinsu na mako huɗu. A matsakaici, kowannensu ya samu kusan awa ɗaya a rana da ta dawo hannunsa, sun ƙara zama da iyali da abokai, jin daɗinsu ya ɗan ƙaru. "Ɗan" nake cewa domin haka sakamakon ya nuna, ba sauyi ne na ban mamaki ba. Kuma duka gwaje-gwajen nan a kan Amurkawa aka yi su, mutanen da matsalarsu ba irin tamu ba ce. Abin da za mu ɗauka daga ciki shi ne ragewa na da amfani na haƙiƙa, ko da matsakaici ne, kuma ba sai an bar wayar gaba ɗaya ake samunsa ba.

Kafin a zargi kowa da rashin tarbiyya ko raunin zuciya, a duba yadda aka ƙera abin. Kamfanonin da suka mallaki shafukan nan da talla suke samun kuɗi, talla kuwa sai da idon mai kallo, don haka kowane minti da ka ƙara riba ce a wurinsu. Tun wajen shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe dabba fiye da ladan da ke zuwa a kan ƙa'ida: tattabarar da wani lokaci ta samu tsaba wani lokaci ta rasa, ita ce ba ta daina caccakar maɓallin. Haka TikTok ke aiki da mu. Bidiyo tara ba komai a cikinsu, na goma ya ba ka dariya har da hawaye, sai yatsa ya ci gaba da ja yana neman irinsa. A da shafin intanet yana da ƙarshe, ka kai ƙasa ka tsaya ka yanke shawarar ko za ka buɗe na gaba. A 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro salon da shafi ba ya ƙarewa, daga baya kuma ya fito ya nuna nadamarsa a kai. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu ƴan mata damuwa game da surar jikinsu. Yaron da ke zaune a Garin Malam da ƙaramar Tecno ko Itel a hannu, yana fafatawa ne da dubban injiniyoyin da aikinsu ke nan. Wanda ya dogara da ƙudurin zuciya kaɗai a irin wannan fafatawa, yawanci kwana biyu ne ya koma gidan jiya. Abin da ya fi ɗorewa shi ne mutum ya sauya wurin da wayar ke kwana da lokacin da take buɗe, ta yadda ba sai ya yi ta kokawa da kansa kowane dare ba.

Daren Damagaram yana da nasa dalilan da shawarwarin ƙasashen waje ba su san da su ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, bangon ɗaki ya riƙe zafin har tsakar dare. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai a fito tsakar gida ko ƙofar gida da tabarma, barci ya ƙi zuwa, ga waya a gefe. Mun ga tsananin wannan a fili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har tsawon watanni. Sannan ga forfen dare, wato datar dare da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa, kuma rezo ya fi gudu idan gari ya yi shiru. Talaka da ke lissafin kowace dala yana da hujja mai ƙarfi ta jiran dare kafin ya sauke bidiyo ko darasi. Sai dai saukewar minti goma ce, kallon da ke biyo bayanta shi ne ke kai mutum ƙarfe biyu.

A nan lissafin ya bambanta da na Turai. Mu ana kiran assalatu wajen ƙarfe biyar, kuma ko wanda ya koma barci bayan salla, hayaniyar gida da neman ruwa da shirin yara zuwa makaranta ba za su bar shi ya rama ba. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, matashi kuma 8 zuwa 10. Wanda ya ajiye waya ƙarfe biyu ya tashi ƙarfe biyar, awa uku ya samu. Ya yi haka mako guda, zai ga ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan ya ɓata masa rai, mantuwa ta yi yawa, duniya ta yi masa ƙunci ba tare da wani sabon abu ya faru ba. Rashin barci na daga cikin abubuwan da likitoci suka fi tabbatar da alaƙarsu da ciwon damuwa. Ana yawan ɗora laifin a kan hasken allo, kuma da gaskiya a ciki: jiki na fitar da wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ke shirya mutum ga barci, haske kuma na jinkirta shi. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 daga Boston ya nuna masu karatu a allo mai haske kafin kwanciya sun ɗauki kusan minti 10 fiye da masu karanta takarda kafin barci ya ɗauke su. Amma minti goma ba su ne ke kashe mu ba. Abin da ake kallo shi ne babbar matsalar: gardamar siyasa, hira da masoyi, wasan kwaikwayo mai dogon zango da kowane kashi ke ƙarewa a inda zuciya ba za ta iya haƙura ba. Rage hasken allo ko mayar da shi ruwan ɗorawa ba zai magance wannan ba.

Muna da wata dama da mutanen wasu ƙasashe ke nema ido rufe. Masanin nan Bajamushe Peter Gollwitzer ya daɗe yana nuna cewa niyyar da aka ɗaure ta da wani lokaci ko wuri takamaimai ta fi cika fiye da niyyar da aka bari a sake. "Zan rage waya" ba ta zuwa ko'ina. "In na dawo daga sallar lisha, zan kashe data" tana da wurin kamawa. Ranarmu dama a yanke take gida biyar, ladan na sanar da kowane yanki da lasifika, ba sai mun sa agogo ba. Kuma abin ba baƙo ba ne a addini, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin lisha da hira bayanta. Na san a lokacin zafi ba mai kwanciya ƙarfe takwas da rabi, hirar dare kuma ita ce hutun mutane da yawa. Don haka kowa ya zaɓi alamar da ta dace da gidansa: rufe ƙofar gida, kwanciyar yara, ko tashi daga fada, wato wurin hirar samari. Muhimmin abu alamar ta zama wadda ke faruwa kullum ko da mutum bai tuna ba.

Na ce a kashe data, ban ce a kashe waya ba, kuma da gangan ne. Shawarar da ake yawan bayarwa a waje ita ce a bar waya a wani ɗaki. Wanda ɗaki ɗaya gare shi, ko yake kwana a waje lokacin bazara yana tsoron a ɗauke masa ita, wannan ba ta shafe shi ba. Ban da haka, wayar ita ce tocila, ita ce agogon tashi asuba, ita ce rediyo. Kashe data na barin duk waɗannan su yi aiki, kira ma na shigowa. Wanda ya ga hannunsa na komawa ya kunna, sai ya ƙara wa kansa ɗan shinge: ya sayi ƙaramar tocila ta daban don kada neman haske ya zama dalilin buɗe allo, ya sa wayar cikin jaka ko ƙarƙashin akwati inda sai ya tashi tsaye zai kai gare ta. Wasu na ajiye ƙaramar waya mai maɓallai don kira da dare, babbar kuma su kulle ta a shago ko su ba matar gida ajiya. Forfen dare kuwa, in dole ne, a yi amfani da shi a sauke abin da ake so a kashe, a kalla da rana. Mai iya sayen forfen wata ma ya gwada komawa na kwana ɗaya na ɗan lokaci, domin ƙarewar megar kanta wurin tsayawa ce, irin wanda shafukan suka cire.

Babban abin da ke hana mutanenmu kashe data shi ne zumunci, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Kowa na cikin zauren dangin uwa da na dangin uba, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, na abokan sana'a. Ta nan ake sanar da rasuwa, mu kuma ba ma jinkirta jana'iza, wanda bai ga saƙo da wuri ba sai ya tarar an dawo daga maƙabarta. Tun 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan mai nuna an karanta saƙo, rashin amsawa da wuri ya zama abin zargi: ya gani ya yi shiru, ya fara girman kai. To, wannan ba a warware shi a ɓoye. Sai mutum ya buɗe baki ya sanar da waɗanda suke da haƙƙi a kansa: "Yaya, ni yanzu bayan lisha ba na kan layi. In da wani abin gaggawa, don Allah a kira ni kai tsaye, wayata a kunne take." Ko ya ce da mahaifiyarsa: "Inna, in kin aiko saƙo da dare ban amsa ba, lafiya lau nake, da safe zan saurara." Da zarar an san haka zargin ya faɗi, kuma sau da yawa wanda aka gaya wa shi ma dama yana neman wanda zai fara. Sauran zaurukan da ba na rasuwa ko na aiki ba, a rufe musu ƙara, a riƙa leƙa su sau biyu ko uku a rana, misali bayan azahar da bayan la'asar. An kuma san cewa zumunta a ƙafa take. Gaisuwar "barka da Juma'a" mai furanni da aka tura wa mutum ɗari a lokaci guda ba ta kai zuwa duba goggo a Birni sau ɗaya a wata ba.

Akwai wani nau'in abin da ke yawo a zaurukan nan da nake ganin ya fi kowanne cutar da zuciya: hotuna da bidiyon gawawwaki, na hare-hare a yankin Diffa ko Tillaberi ko arewacin Najeriya, na haɗarin mota, da saƙonnin murya na wanda ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa ga abin da zai faru gobe. Da yake jama'a da yawa ba sa karatu, saƙon murya ya fi rubutu tafiya a wurinmu, murya kuma tana ɗauke da tsoro fiye da rubutu. Bayan harin bam da aka kai wajen gasar gudu a Boston a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin awa 6 ko fiye a rana sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu. Wanda ya gani da ido sau ɗaya ya gani, mai waya kuwa yana iya gani sau ashirin. Gyaran a nan mai sauƙi ne: a shiga saitin WhatsApp a hana hoto da bidiyo sauka da kansu, sai wanda mutum ya zaɓa ya taɓa. Wannan na tsimin mega, yana kuma ba mutum daƙiƙa biyu ya tambayi kansa ko yana son gani. Labarin ƙasa kuma a ɗauke shi daga rediyo a lokacinsa, safe da yamma, inda akwai wanda za a iya tuhuma in ya yi ƙarya. Masu kula da zauruka suna da nauyi a wuyansu; aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma tura shi gaba ma aiki da shi ne.

Sai hange. Amaryar da ke kallon lefen wata a Kano ko Abuja, saurayin da ke ganin abokinsa a Agadas ko Tripoli ya jingina da motar da wataƙila ba tasa ba ce, ba sa ganin bashin da ke bayan hoton. Hadisin da ya ce a dubi na ƙasa kada a dubi na sama ya san wannan ciwo tun kafin a yi waya. Wanda ya lura cewa wani shafi na barin sa da ƙyashi ko raina abin da Allah ya ba shi, ya daina bin shafin, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Lokaci na biyu da na ambata shi ne zaman tare, kuma a garin nan ba za a yi maganarsa a tsallake fada ba. Tun shekarun 1990 fada ta zama matattarar samari a biranen Nijar, Damagaram kuma na kan gaba a wannan. Ana yawan kushe ta da zaman banza, amma ni ina ganin ta riƙe lafiyar hankalin matasa da yawa waɗanda ba su da aiki ba su da wurin zuwa. A nan ake faɗin damuwa a yi dariya a kai, a nan ake haɗa kuɗin suna ko na asibiti. Shayin ma a hankali ake dafa shi, zagaye uku, don a daɗe ana magana. Yau ka wuce fada da dare, sai ka ga mutum takwas a kan benci, fuskar kowa na haske, mai shayi kaɗai ke motsi. Wannan ba gyaran mutum ɗaya ba ne, domin in kai kaɗai ka ajiye taka, sai ka zauna kana kallon ƙeyar mutane har ka gaji ka ɗauko. Amma fada dama tana da shugaba da dokoki da tara. Ba abu ne mai wuya ba a amince cewa daga ɗora butar farko har a sha na biyu, wayoyi na aljihu, sai dai kira. Haka a gida: lokacin da aka sa kwano a tsakiya, babba ya fara ajiye tasa. Uban da ke cin tuwo da hannu ɗaya yana jan allo da ɗayan ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa.

Dole kuma a faɗi abin da ke ƙarƙashin wannan duka. Saurayin da ya gama karatu shekara uku ba aiki, wayar ba ita ta kawo masa ƙunci ba, ita ce ma ke rage masa tsawon rana. In aka ɗauke ta ba a sa komai a gurbinta ba, abin da zai shigo na iya fin ta muni, ga ƙwaya ga caca. Don haka duk awar da aka ƙwato sai an san abin da za a yi da ita tun kafin a ƙwato ta: ƙwallon yamma, karatun allo ko na littafi wurin malami tsakanin magariba da lisha, koyon ɗinki ko gyaran babur ko aikin fata da garin nan ya yi suna a kai. Haka matan aure da ba su cika fita ba. Ga da yawa daga cikinsu wayar ce hanyar ganin ƴan uwa, da sana'a, da sauraren karatu. Ba na so wani maigida ya karanta wannan sharhi ya mayar da shi hujjar ƙwace wayar matarsa. Matar da aka raba da waya aka bar ta da bango huɗu, an ƙara mata damuwa ne. In ana son ta rage, a buɗe mata hanyar ziyara da islamiyya, shi ma maigidan ya dawo gida da wuri ya zauna a yi hira.

Game da yara ƙanana magana ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da kwaleji tun 2018, Ostareliya kuma ta yi dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 shafukan zumunta a ƙarshen 2024. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan ya shafe mu fiye da su. Yaranmu galibi ba su da tasu, ta uwa ce ake miƙa musu don su yi shiru tana girki. Ba laifinta ba ne, aiki ya yi mata yawa, amma gidajenmu na da abin da gidajen Turai suka rasa: kaka, yayye, ƴaƴan maƙwabta, tsakar gida. Yaro na koyon magana ne daga wanda ke amsa masa, allo kuwa ba ya amsawa. Matashi kuma ƙwace masa waya da tsiya na koya masa ɓoyo ne kawai, zai ari ta aboki. An fi samun nasara in dokar ta hau kan kowa a gidan, wayoyi duka su kwana wuri ɗaya a ɗakin iyaye, musamman ga masu shirin jarabawar BEPC ko ta BAC.

Wanda zai fara, ya fara da dubawa. Yawancin wayoyin Android na yanzu suna da wani sashe a saiti, a wayar da ke Faransanci sunansa "Bien-être numérique", wanda ke nuna awa nawa aka yi a kowace manhaja da sau nawa aka buɗe allo. Mutane da yawa kan yi mamakin abin da suka gani. Daga nan ya ɗauki abu ɗaya tak, na fi son ya zama na dare, ya riƙe shi. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2009 ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 kawai, wasu har fiye da 250, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Za a samu ranakun biki, da daren wasan ƙwallon Turai, da watan azumi da dare ke komawa rana. Bayan sun wuce sai a koma kan tsarin, ba tare da mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya kasa ba.

Akwai kuma wanda zai yi duk wannan, ya kashe data, ya kwanta da wuri, amma barcin ya ƙi zuwa, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina burge shi, ya riƙa jin ba shi da amfani, har mako biyu ko fiye. Wannan ya wuce maganar waya. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. A haɗa addu'a da zuwa cibiyar lafiya ta unguwa ko babban asibiti a yi wa ma'aikacin lafiya bayani dalla-dalla. In har mutum ya fara furta cewa gara ya mutu ya huta, ƴan uwa kada su bar shi shi kaɗai, kada kuma su jira gobe, a kai shi asibiti a ranar.